Kada Mu Zuba Duk Amfaninmu a Rumbu Ɗaya

Duk manomi a Ɗambatta ko Bichi ko Makoɗa ya san ba a haɗa iri da abinci wuri guda. Ana ware damin gero mai kyau a ajiye daban, don ko gobara ta ci rumbu, shukar baɗi ba za ta gagara ba. To me ya sa makarantu da yawa ke zuba dukkan bayanansu cikin kwamfuta ɗaya tilo?

A cikinta ake ajiye sunayen ɗalibai, da hotunan rajista, da makin gwaji na aji 4 da aji 5 na sakandare, wanda WAEC ke buƙata kafin jarrabawar fita. Duk suna zaune ne a rumbun ajiyar kwamfuta. A irin na da, wani faifai ne ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ga kuma ɗan hannu mai karatu yana shawagi a samansa, tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba. Faɗuwa ɗaya, ko tsananin zafin bazara, ko ɗaukewar wuta ana tsakar aiki, na iya lalata shi.

Idan hakan ta faru, gaggawa ce ke ƙarasa ɓarna. Kwamfutar da ke ƙara ƙas-ƙas a kashe ta nan take, domin kowace kunnawa na iya ƙara karce faifan. Kada kowa ya kwance rumbun da sukundireba. Ƙurar hunturu kaɗan ta isa ta gama da shi, shi ya sa ƙwararru ke buɗe shi a ɗaki na musamman mara ƙura. In kuwa goge fayil aka yi bisa kuskure, akwai sauran dama: bayanin yana nan har sai an ɗora wani a kansa. A daina amfani da na'urar, a nemi wanda ya iya manhaja irin su Recuva ko PhotoRec. Wanda zai kai ta wajen masu gyara a titin Beirut cikin Kano ya faɗa musu tun farko cewa bayanan yake so, kada a yi mata fomatin.

Amma ceto ba shi da tabbas, kuma yana da tsada. A 1998, wani umarni na kuskure ya goge mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 daga kwamfutocin kamfanin Pixar a Amurka, aka duba kwafin ajiya aka tarar shi ma ya samu matsala. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da ke aiki daga gida, tana da nata kwafin.

Don haka muke roƙon shugaban makaranta da malamanmu, cikin girmamawa, a ɗauki dokar da masana ke kira 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, a ajiye 1 a wajen makaranta. Kowace Alhamis a kwafi bayanai zuwa filashi, a tura wani Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Wani zai ce babu kuɗin data, ga sabis yana wahala. Gaskiya ne, amma takardun maki ba su da nauyi, kuma kuɗin filashi bai kai na motar zuwa Kano da ladan mai gyara ba. Littafin rajista na takarda ma kada a yi watsi da shi.

Mu ɗalibai kuma, kowa ya rubuta lambar rajistarsa ta JAMB da imel ɗinsa a littafi, ya ba iyaye su adana. Rigakafi ya fi magani.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta