Ungulu Ta Tafi, Mun Zauna da Karin Maganarta



Za mu fara da tambaya, kuma muna roƙon kowa ya amsa wa kansa tsakani da Allah kafin ya ci gaba da karatu: yaushe rabonka da ganin ungulu da idonka? Muna nufin ungulu mai rai, a kan bishiya ko a bakin mahauta, ban da ta cikin waya.

Tambayar ta taso ne a wani zaman ƙungiyarmu, ana duba gajeren labarin wani ɗan uwa. Ya kwatanta dangin mamaci da ungulayen da suka yi dafifi a kan mushe suna jiran rabon gado. Kowa ya yaba. Sai wata ƙanwarmu 'yar sakandare ta ɗaga hannu ta ce, "Yaya, ni fa ban taɓa ganin ungulu ba. Ta kai agwagwa girma?" Aka yi dariya, sannan wurin ya yi tsit, domin da muka lissafa, mu kanmu da muka haura shekara ashirin, ganinmu na ƙarshe tun muna firamare ne.

Iyayenmu a Toranke suna ba mu labari cewa a da, ko akuya aka yanka, kafin a gama fiɗa ungulaye sun sauka. Haka a Gaya, haka a Ajingi, ballantana kasuwar kara ta Wudil ranar Juma'a. Ranar layya kuwa sai an sa yaro da sanda yana kora. Yau a yanka sa, a zubar da kayan tumbi a bayan gari, sai dai karnuka da ƙudaje.

Ra'ayinmu a wannan makon shi ne: mu marubuta mun ci amanar tsuntsuwar nan. Mun yi shekaru muna cin abinci da sunanta, amma ta ɓace a gabanmu ba mu rubuta ko layi ɗaya ba.

Dubi yadda harshenmu ya cika da ita. In mutum ya zo da wata manufa, mu ce ungulu ba ki jewar banza. In an yi yaudara, mu ce an yi ungulu da kan zabo. In wani ya koma halinsa na da, mu ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Duk wanda ya ƙirƙiri waɗannan maganganu ya zauna ya kalli tsuntsuwar da kyau, ya ga yadda take shawagi a sama in ta hango abinci, ya ga inda take sheƙa. Su sun kalla suka faɗa, mu kuma muna maimaitawa ba tare da mun ɗaga kai sama ba.

Masu bincike dai sun ɗaga kai, kuma abin da suka gano ba daɗin ji. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta saka irin ungulun nan tamu ta cikin gari a matakin da daga shi sai a ce ta ƙare a daji. Wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka wallafa a 2016 ya duba ire-iren ungulu takwas na Afirka, ya samu cewa a tsakaice sun ragu da kashi 62 cikin 100 a shekara talatin. Daga cikin mace-macen da aka san dalilinsu, kashi 90 cikin 100 guba ce da kuma cinikin sassan jikinsu.

A watan Janairun 2024 kuma, Phil Shaw na Jami'ar St Andrews da ke Sukotland, tare da Ogada da wasu, suka fitar da wani binciken a kan ire-iren tsuntsaye masu cin nama guda 42, dangin su shaho da mikiya da ungulu. Kusan tara cikin goma sun ragu, kuma abin ya fi muni a nan Afirka ta Yamma. Abin da ya kamata marubuci ya lura da shi shi ne yadda aka samo lissafin. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso a mota wajen farkon shekarun 1970, yana ƙirga duk tsuntsun da ya gani yana rubutawa. Bayan kimanin shekara talatin ya sake bin hanyoyin. Littafin ajiyarsa na farko shi ya zama shaida. Ido da alƙalami ne suka yi wannan aikin, kuma su ne kayan sana'armu.

Wani zai ce, to, ungulu ta ƙare mana, ƙazamar tsuntsuwa mai sanƙo, wa ya yi asara? Indiya ta riga ta amsa. A shekarun 1990 masu dabbobi a can suka fara yi wa shanu allurar wani maganin ciwo mai arha, diclofenac. Ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar, ƙodarta ke lalacewa ta mutu cikin 'yan kwanaki. Kafin a gano dalilin a 2004, a kuma hana ba dabbobi maganin a 2006, wasu ire-iren sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Mushe ya dinga ruɓewa a fili, ana jefa wani a kogi, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. A 2024 masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta yankunan da a da suke da ungulu da waɗanda dama ba su da ita, suka ƙiyasta cewa rashinta ya jawo mutuwar ƙarin mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Sirrin yana cikin halittarta. Ruwan cikin ungulu yana da tsananin tsami, yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, waɗanda kare ko ɓera zai ci ya yaɗa. Sanƙon da muke yi wa dariya kuwa, yana taimaka mata ta cusa kai cikin gawa ba tare da ƙazanta ta maƙale a gashi ba. Duba-gari ce da ba ta karɓar albashi.

Sai dai kada mu kwaso labarin Indiya mu ɗora wa ƙasarmu kai tsaye. Abin da ya kashe tasu daban, abin da ke kashe tamu daban, kuma namu ya fi nauyin faɗa domin hannunmu na ciki. Ana neman kan ungulu da ƙafarta da ƙwanta don haɗa asiri, na neman sa'a, na kasuwa, na zaɓe. Bincike a kasuwannin Afirka ta Yamma ya nuna mafi yawan gawarwakin ungulun da ake sayarwa a Najeriya ake sayar da su. A 2020 an kashe ungulu fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau, da yawansu an same su ba kai. Akwai kuma gubar da ake barbaɗa wa mushe don kashe kare ko kura, ungulu ta riga su sauka. Sannan ga gatari. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, a kan doguwar bishiya irin rimi ko giginya ko tsamiya. Duk buhun gawayin da ya fito daga tsohuwar bishiya, wataƙila da sheƙa a ciki. Ko ta so komawa gidanta na tsamiya, ina tsamiyar?

Mun san abin da wasu za su rubuta a ƙasan wannan rubutu: mutane na fama da tsadar abinci da rashin tsaro, ku kuna maganar tsuntsu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba kuma za mu raina ta ba. Amma in annoba ta tashi daga mushen da aka yar kusa da rijiya, gidan talaka take fara shiga. Yaron da mahaukacin kare ya ciza a ƙauye, shi ne ya fi kowa nisa da allurar rigakafi. Maganar ungulu maganar lafiyar mutum ce.

Wasu kuma za su ce mu marubutan soyayya ne da zaman aure, wannan aikin 'yan jami'a ne. 'Yan jami'a suna nasu. Akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos, wadda ke tattara taswirar tsuntsayen Najeriya da taimakon masu sa kai. Akwai gidauniyar NCF da ke zama da masu maganin gargajiya don su koma ga itatuwa maimakon sassan ungulu. Amma rahotonsu da Turanci yake fita, a mujallun da mahaucin Gaya da makiyayin Ajingi ba za su taɓa buɗewa ba. Littattafanmu kuwa suna shiga har uwar ɗaka, ana karanta su a rediyo, ana tura su daga waya zuwa waya. Mun iya sa mai karatu ya tsani kishiya a shafi uku. Ashe za mu kasa sa shi ya ji wani abu in ya ga kan ungulu a shimfiɗar mai magani?

Ba muna cewa a mayar da labari wa'azi ba ne. Labarin da ya tsaya yana huɗuba ba ya karantuwa. Abin da muke nema shi ne sararin samaniya ya dawo cikin rubutunmu. Mu daina rubuta "tsuntsaye suna ta kuka" kamar duk iri ɗaya ne. Shamuwa ce da ke zuwa gab da damina, ko balbela ce a bayan garke? Shirwa ce ko hankaka? Gauraka da burtu, yara nawa ne a ajinmu za su gane su? Sunan da ba a rubuta ba yana mutuwa tare da tsohon da ya san shi, kuma bayan shekara talatin labaranmu su ne littafin ajiyar da jikokinmu za su buɗe su ga abin da ke yawo a saman Toranke.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi dattijo ɗaya a garinsu, mahauci ko mafarauci ko makiyayi ko kakarsa, ya tambaye shi yaushe ya ga ungulu na ƙarshe, a ina, a kan wace bishiya, kuma bishiyar tana nan? Ya rubuto mana abin da ya ji cikin kalma ɗari uku, da bakin mai maganar, ba tare da ƙarin gishiri ba. Wanda kuma har yanzu akwai ungulu a garinsu, ya faɗa mana ƙaramar hukumar kawai, kada ya bayyana inda sheƙar take, domin ba mu kaɗai ke karanta wannan zaure ba.

Ita kuwa ƙanwarmu da ta yi tambaya, mun yi mata alƙawarin za mu kai ta ta gani da idonta. Har yau muna cigiyar inda za mu kai ta.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun ga rubuce-rubucenku.