Daga maƙogwaro zuwa zuciya

A Kiyeshe da sauran garuruwan ƙasar Arewa, hunturu kan zo da ciwon maƙogwaro, wasu iyaye kuwa sai su kai yaro wurin wanzami a cire masa beli. Amma wani irin ciwon maƙogwaro, ƙwayar cuta mai suna sitireptokok ke haddasa shi. Idan ba a kashe ta ba, garkuwar jiki kan yi kuskure wajen yaƙarta, ta afka wa ƙofofin zuciya. Illar ba ta bayyana sai bayan shekaru.

A 2021 aka bayyana sakamakon wani bincike a Gulu ta ƙasar Uganda, kan yara kimanin 800 da cutar ta fara taɓa zuciyarsu. An yi wa rabinsu allurar fenisilin kowane mako huɗu. Bayan shekara biyu, 3 kaɗai ciwonsu ya ƙaru, alhali a ɗaya rabin 33 ne.

Wannan magani mai araha shi ne kuma ke kashe ƙwayar tun tana maƙogwaro. Saboda haka, wajibi ne iyaye su kai yaro mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro gidan likita, hukumomin lafiya na Dogon Dutsi kuma su tabbatar fenisilin bai yanke a ƙauyuka ba.