Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Jama'a, makon jiya wani ɗan makaranta ya kawo mana kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ido ya raina fata. Ya ce da hannunsa ya sake ɗora mata Windows 10, da ya kunna sai baƙin allo, wai ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Ga jarrabawa ta ƙarato, wani mai gyara kuwa har ya yanke masa kuɗin sabon faifai.

To, mun duba, faifai lafiyarsa lau. Ku sani hanyar tashin kwamfuta iri biyu ce: tsohuwa, watau Legacy, mai neman faifai a tsarin MBR, da sabuwa, watau UEFI, mai neman GPT. Yaron ya juya ta kan tsohuwa don ta karɓi filas, ya ɗora Windows a haka, sa'an nan ya komar da ita kan sabuwa. Ina za su gane juna?

Wanda irin wannan ya same shi, ya fara zare filas. Ya kunna, ya yi ta danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce, har shafin BIOS ya buɗe. In ya ga sunan faifan a ciki, kada ya yarda da zancen sayen sabo tukuna. Ya komar da ita kan hanyar da aka yi ɗorin, ya adana, ya sake kunnawa.

Ta yaron ta tashi nan take. Amma fa mun gaya masa, Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa sai da UEFI.