Kewar Ƙauye da Bashin Gaskiya: Abin da Garin Aspen Zai Koya wa Marubuci



A 'yan watannin nan na karanta rubuce-rubucen sababbin marubuta da dama a kan rayuwar ƙauye, kuma kusan dukkansu hanya ɗaya suke bi. Da can akwai albarka, akwai fura da nono, akwai kaka mai tatsuniya a farin wata, sai zamani ya zo ya ɓata komai. Ni ma na taɓa rubuta irinsa, har aka yaba mini. Yau ina ganin irin wannan rubutu yana cin bashin gaskiya, kuma ba ya biya. Don in nuna abin da nake nufi, zan kai ku nesa, zuwa tsaunukan yammacin Amurka, jihohin Kolorado da Montana da Idaho, inda kewar tsohuwar rayuwar makiyaya ta haifar da littattafai masu yawa, masu kyau da marasa kyau.

Mu ɗauki garin Aspen a Kolorado. A yau sunansa ya shahara da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma yana cikin wuraren da gida ya fi tsada a duk Amurka. Attajirai na sauka da jiragensu a lokacin sanyi. Da yawa daga masu dafa musu abinci da masu gyara musu ɗaki, ciki har da baƙi daga Meziko, ba sa iya kama haya a garin. Suna kwana a garuruwan da ke gangaren kwarin, irin su Carbondale da Glenwood Springs, su shiga bas da asuba. Idan jikan wani makiyayi na kwarin ya zauna rubuta tarihin gidansu, labari mai sauƙi yana jiransa: mun zauna lafiya da shanunmu, masu kuɗi suka zo suka saye ƙasar.

Labarin gaskiya ne, amma daga tsakiya aka faro shi. Lokacin da masu neman azurfa suka kafa sansani a wurin a 1879, sunan da suka fara ba shi shi ne Ute City, domin ƙasar ta ƙabilar Ute ce, 'yan asalin yankin. A 1881 gwamnati ta tasa ƙeyar yawancin 'yan Ute na yammacin Kolorado zuwa Utah. Garin azurfa ya bunƙasa har mutanensa suka kai kusan 12,000. A 1893 gwamnati ta daina sayen azurfa kamar da, farashi ya faɗi, aka rufe ramukan haƙa, mutane suka watse. Zuwa 1930 waɗanda suka rage kimanin 700 ne. Wannan tsakanin, na kiwon shanu da noman dankalin turawa, shi ne zamanin da ake kewa. Shekarun talauci ne a garin da ya kusa zama kufai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne wani ɗan kasuwa daga Cikago, Walter Paepcke, da wani tsohon soja gwanin zamiya, Friedl Pfeifer, suka haɗa kai da wasu aka kafa kamfanin wasan a 1946.

Ku lissafa. Ɗan Ute ya rasa ƙasa ga mai haƙar azurfa. Mai haƙa ya bar wa makiyayi. Makiyayi ya sayar wa mai otal. Kowannensu yana da nasa "da can", kuma "da can" ɗin kowa ya tsaya ne a kan asarar wani. Marubucin da ya fara ƙirga tarihi daga ranar da kakansa ya iso ya ɗauki ɓangare tun kafin ya rubuta jimlar farko, ko ya sani ko bai sani ba.

Ba Aspen kaɗai ba ne. An buɗe Vail a watan Disamba na 1962 a kwarin da ake kiwo a da. Sun Valley a Idaho kuwa kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ne ya gina shi a 1936, a kan gandun kiwo da ya saya kusa da Ketchum, garin da ya yi suna wajen lodin tumaki a jirgin ƙasa. Har yanzu duk watan Oktoba ana kora garken tumaki ta tsakiyar Ketchum a wani biki, 'yan yawon buɗe ido na ɗaukar hoto. Su wa ke bin tumakin a daji sauran watannin? A da yawanci 'yan ƙabilar Basque ne daga iyakar Sifaniya da Faransa, yanzu kuma da yawa 'yan ƙasar Peru ne. Hoton bikin yana da kyau. Labarin mutumin da ke kwana shi kaɗai a kan tsauni da karnuka da dubban tumakin wani shi ne aikin marubuci.

Waɗanda littattafansu suka daɗe a wannan fanni su ne waɗanda suka ƙi yi wa kansu sassauci. Ivan Doig ya fitar da This House of Sky a 1978, a kan tashinsa a Montana. Mahaifiyarsa ta rasu ranar da ya cika shekara shida. Mahaifinsa ya ƙare yawancin rayuwarsa yana aiki a gandun wasu, yau nan gobe can, kuma kakarsa ta wajen uwa ta taya renonsa duk da ba ta jituwa da mahaifin da farko. Doig bai dogara ga tunaninsa kaɗai ba. Ya karanci tarihi har digiri na uku, ya kuma naɗi muryar mahaifinsa da kakarsa a kaset. Ƙaunar tsaunukan tana cikin littafin, amma an gaya maka wane ne mai gandu, wane ne ɗan ƙodago.

William Kittredge kuma ɗan masu gandu ne, babba ƙwarai, a kwarin Warner da ke Oregon. A littattafansa Owning It All na 1987 da Hole in the Sky na 1992 bai ɗora laifi a kan baƙi ba. Ya bayyana yadda gidansu da kansu suka tsotse ruwan fadamar da tsuntsaye ke sauka, suka yi feshin guba, suka kashe namun dajin da ke cin ɓeraye, sai ɓerayen suka addabi gonar. Mutum ne da ya tsaya ya ce da hannunmu a ciki. Shi ya sa idan ya ce yana kewar wurin, mai karatu yakan yarda.

Na san abin da wani zai ce. Marubucin da ke tuna ƙuruciyarsa ba malamin tarihi ba ne, kuma yaro ɗan shekara takwas bai san wa aka kora kafin a haife shi ba. Ƙari a kan haka, asarar makiyayin nan asara ce ta gaske. Idan ƙasar maƙwabci ta koma otal, darajar taka na tashi, ɗanka ba zai iya sayen ko eka ɗaya kusa da kai ba, ribar shanu kuma ba ta kai abin da dillali ke miƙo maka ba. Na yarda da duk wannan. Sai dai yaron ne bai sani ba. Wanda ke riƙe da alƙalami yau babba ne, kuma yana iya tambaya. Kewa ba ta raguwa don an faɗi gaskiya. Dattijon da ya sayar da gandu don biyan bashin banki, yana kuka yana ƙirga kuɗin, ya fi taɓa zuciya a kan dattijon da aka zana ba shi da laifi ba shi da zaɓi.

Akwai kuma rami a ɗaya gefen. Wanda ya gudu daga yabon ƙauye yana iya faɗawa cikin ƙara masa muni. Judy Blunt ta fitar da Breaking Clean a 2002, a kan rayuwarta ta matar makiyayi a arewacin Montana, littafi mai ƙarfi da ya nuna aikin da mata ke yi ba tare da suna da ta cewa a dukiyar ba. A ciki ta ce surukinta ya farfasa mata keken rubutu da guduma. Dattijon ya fito ya musanta, ita kuma ta amsa cewa abin bai faru haka ba, aka cire wurin daga bugun da ya biyo baya. Shafi guda ya sa aka riƙa tuhumar sauran shafukan da ta sha wahala a kansu. Mutanen da muke rubutawa a kansu suna da rai, suna da dangi, kuma suna karatu.

To, mu dawo gida. Duk wanda ke zaune a gefen Kano ko Kaduna ko Katsina ya ga gonaki sun koma filaye, an yanka an sayar, an yi gini. Da yawanmu za mu rubuta wannan labari, kuma ya kamata mu rubuta. Kafin ka fara, je ka zauna da tsofaffin gidanku da wayarka, ka naɗi muryarsu tun suna raye. Tambayi yadda gonar ta shigo hannun gidanku, gado ne ko saye ko kyautar mai gari, kuma wa ke nomanta kafin nan. Tambayi ina burtalin Fulani ya bi da, da wanda ya fara shuka a kansa. Tambayi wa ke zuwa rijiya kafin gari ya waye, da 'ya'ya nawa kakarka ta binne. Tambayi nawa aka sayar da gonar, wa ya sa hannu, me aka yi da kuɗin. Wasu amsoshin ba za su yi maka daɗi ba. Rubuta su yadda aka faɗa maka, kada ka rage don kunya, kada ka ƙara don labari ya yi armashi.

Farin watan da tatsuniyar kaka suna nan, babu wanda ya hana ka su. Sa su a shafi ɗaya da takardar cinikin gonar.

Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a alƙalumanmu.