Zauren Iyaye: Yaron da Ba Ya Waiwayowa In An Kira Shi

Zancenmu na wannan karo ya taso ne daga wasiƙar wata uwa a wani ƙauye cikin ƙasar Gwaram. Ɗanta ya cika shekara 3, amma har yanzu bai fara magana ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, ga shi kuwa ƙarar injin niƙa takan sa ya toshe kunnuwansa. Yakan wuni yana jera marafan kwalba a layi. In yana jin ƙishirwa sai ya kama hannunta ya ja ta zuwa randa, ba ya duban fuskarta. Uwar miji ta ce iska ce, maƙwabta suka ce baki ne, maigida kuma ya riga ya sayar da awaki biyu garin neman magani. Ta rufe wasiƙarta da cewa, "Ko laifina ne? Me zan yi, tun da ba mu da kuɗin zirga-zirga zuwa Kano?"

'Yar'uwa, ba laifinki ba ne. Sa'ad da almajirai suka tambaya ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, Ubangiji bai ɗora laifin a kansa ko a kan iyayensa ba. Kada mu ma mu ɗora.

Ba ma iya faɗin abin da ke damun yaro daga wasiƙa, gama wannan aikin likita ne. Amma alamun sun yi kama da abin da likitoci ke kira otizim, wanda gidajen rediyo sukan ce wa galahanga. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana shi a 1943, bayan ya lura da yara 11. Hali ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farkon rayuwa, gado kuma yana da babban hannu a ciki. Ya fi yawa ga yara maza. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ba a ɗaukarsa daga wani, allurar rigakafi kuma ba ta kawo shi. Rahoton da ya baza wannan jita-jita a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Saboda haka kada a hana ƙannen yaron allurar ƙyanda.

Ga alamun da ya kamata kowace uwa ta lura da su: yaro ya cika shekara 1 ba ya gwalantu, ba ya nuna abu da yatsa, ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya, ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko kuwa ya fara magana sa'an nan ta ɓace.

Tafiya ɗaya dai ta zama dole. A kai yaron asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a roƙa a fara duba kunnuwansa, domin sanƙarau, da ƙyanda, da ciwon kunne mai ruwa sukan taɓa jin yaro. In likita ya ga ana bukatar ƙwararru, zai tura ku gaba, watakila zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Amma bayan wannan, yawancin aikin a gida yake, a hannun uwa da uba. Abin da masana suka gano ke nan.

A Ingila an yi gwaji da yara 152 masu shekara 2 zuwa 4, aka buga sakamakonsa a 2010. Ba yaran aka koya wa ba, iyayen ne. Akan ɗauki hoton bidiyo na uwa tana wasa da ɗanta, sa'an nan ita da malamar su zauna su kalla. A nan uwa takan ga lokacin da yaron ya miƙo mata abu, ko ya ɗan kalle ta, ita kuwa ba ta lura ba. Aka roƙi iyaye su riƙa gwadawa kamar rabin awa kowace rana. Da aka sāke duba yaran, a rahoton 2016, sai aka tarar alamunsu sun fi sauƙi bisa na waɗanda ba a koya wa iyayensu ba. An kuma gwada wannan hanya a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya na gari suka yi koyarwar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya nata darussa domin iyayen yara masu shekara 2 zuwa 9: zaman taro sau 9, da ziyarar gida sau 3. An gwada su a Habasha da Kenya. A 2022 aka sa su a intanet kyauta, da Turanci, domin iyaye na nesa su koya ta waya. To, abin da a dā sai an hau mota, yanzu wayar hannu tana iya kawo shi har tsakar gida.

Yaya za mu yi amfani da wannan a Gwaram da Birnin Kudu? Shawararmu ita ce a nemi mutum ɗaya mai jin Turanci, ko nas, ko malamin makaranta, ko wata cikin zumuntar mata, ya bi darussan ya bayyana wa iyaye da Hausa. Uwa ta sa a ɗauke ta minti 5 tana wasa da yaron, ta aika masa ta WhatsApp, su yi magana ta waya sau ɗaya a mako. Ranar da aka je asibiti kuma a tambayi likita ko zai yarda a riƙa kiransa. In sabis ba ƙarfi a ƙauye, a aika ranar kasuwa. Sai dai a kiyaye: hoton yaro amana ne, kada a watsa shi cikin jama'a.

Kafin nan, ga abubuwa biyar da za a fara yau.

Na ɗaya, ki zauna ƙasa a kan tabarma, fuskarki daidai da tasa. Kada ki kama haɓarsa ki tilasta masa ya dube ki.

Na biyu, ki bi abin da yake so. In marafan kwalba yake jerawa, ki ɗauki naki ki jera kusa da shi. In ya buga kwano, ke ma ki buga. Ta haka zai gane akwai wani a cikin wasansa.

Na uku, ki rage magana. Maimakon "Zo nan ka sha ruwa, ka ji ko?" sai ki ce "Ruwa," kina nuna moɗa. Kalma ɗaya, a maimaita ta kowace rana.

Na huɗu, ki jira. Ki riƙe ƙosai inda zai gani, ki ƙirga har biyar a zuci. In ya miƙo hannu, ko ya dube ki, ko ya yi wata 'yar murya, maganarsa ke nan. Ki ba shi nan da nan, ki ce "Ƙosai." Kada ki bari har ya kai ga kuka.

Na biyar, ki yi amfani da aikin yau da kullum: wanka, sa riga, wanke hannu kafin tuwo. A yi su da tsari ɗaya da kalmomi iri ɗaya, gama irin yaran nan sun fi natsuwa in sun san abin da ke biye.

Ku iyaye maza, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Sau da yawa wayar gidan tana aljihun maigida. Ku ba da ita, ku sayi kati, ku zauna a tabarmar ku ma. A nuna wa kaka da yayye abin da aka koya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wayar kuwa ta koyon iyaye ce, ba abin rarrashin yaro ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada kallon yaro mai shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa 1 a rana.

Ba za mu ruɗe ki ba, 'yar'uwa. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke kawar da otizim, duk wanda ya nemi akuya ta uku da wannan alkawari, a sallame shi. Waɗansu yara sukan yi magana sosai, waɗansu kaɗan, waɗansu sai da hannu da hotuna. Amma kowannensu yana iya koyo, tun da wuri kuma ya fi, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a ɗaure shi, kada a doke shi, kada a ɓoye shi a ɗaka. In ya yi ƙara cikin sujada, mu matsa wa uwarsa wuri a benci maimakon mu harare ta.

Ki gwada waɗannan har wata uku, kina rubuta duk abin da ya yi sabo, kome ƙanƙantarsa, sa'an nan ki sāke rubuto mana. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.