JAKAR GOYO GA MAI ƘARAMIN JIKI A KAN KEKE

A wannan wata za mu yi magana a kan jakar goyo, wadda yaranmu da 'yan'uwanmu mata masu ƙaramin jiki su ke ɗauka sa'ad da su ke kan keke.

Mu iyaye muna da wata al'ada. In za mu saya wa yaro riga, mukan zaɓi babba, mu ce zai girma ya cika ta. Ga riga wannan ba laifi ba ne, gama kuɗi ba su da yawa, yara kuwa suna girma da sauri. Amma jakar da za a hau keke da ita ba riga ba ce. Mai tafiya a ƙasa a miƙe ya ke, in jaka ta yi masa girma gajiya kaɗai zai sha. Mai keke kuwa a sunkuye ya ke. In jakar ta fi bayansa tsawo, bakinta na sama zai riƙa bugun ƙeyarsa duk lokacin da ya ɗaga kai domin ya duba hanya, in yana sanye da hular kwano kuma sai ta tura hular ta rufe masa ido. Gindinta zai zauna a kan sirdi. In ya karya kwana, nauyin zai zame gefe guda ya ja shi. Mu da mu ke tsaye a ƙofar makaranta kowace safiya muna ganin wannan: yarinya 'yar aji biyar, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya yana maido da igiyar jaka da ta zamo daga kafaɗa, ga babura suna wucewa ta gefenta.

To, abin da za a auna shi ne tsawon baya, ba tsawon mutum ba. Mutum biyu sukan yi tsawo ɗaya, amma ɗaya ƙafafunsa ne dogaye, bayansa gajere. Ga yadda a ke yi. A samo tef na tela. Mai jakar ya sunkuyar da kai, a shafa bayan wuyansa, za a ji wani ƙashi da ya fi sauran fitowa daidai inda wuya ya haɗu da kafaɗu. Daga nan a ke farawa. Sai ya riƙe ƙugu da hannu biyu, manyan yatsunsa suna duban juna a baya, a kan bakin ƙashin ƙugu. A auna daga ƙashin wuyan nan zuwa tsakanin manyan yatsun. Ga yawancin manya awon yakan faɗi tsakanin inci 15 da 22, na yara kuwa bai kai haka ba. A rubuta lambar a takarda, a tafi kasuwa da ita da tef ɗin. A jikin jaka, a auna daga inda igiyoyin kafaɗa su ka kama har zuwa gindi. In ya wuce lambar da ke takarda, jakar ba tasa ba ce, komai kyaunta, komai kuma daɗin bakin mai sayarwa.

Igiyoyin kafaɗa su ne abu na biyu, su ne kuma aka fi mantawa da su. Jakar babban namiji an ɗinka igiyoyinta nesa da juna domin faɗin kafaɗarsa. In mai siririyar kafaɗa ta goya ta, igiyoyin za su sauka a gefen kafaɗa, su yi ta zamewa, ko an ɗaure su iyakar ɗaurewa. Masu yin jaka sun san da wannan. Kamfanin Deuter na Jamus, wanda aka kafa a 1898, yana yin wasu jakunkuna masu alamar SL, bayansu gajere, igiyoyinsu sirara kuma kusa da juna. Domin mata aka yi su, amma suna yi wa saurayi mai ƙaramin jiki daidai. Ba muna cewa kowa ya je ya nemi sabuwa ba, gama tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu. Amma mai tona kayan gwanjo, in ya ci karo da wannan alama, ya san abin da ya samu.

Jakar da ba ta da irin wannan ɗinki ma tana gyaruwa. Abin da ke hana igiyoyi zamewa shi ne ɗan maɗaurin ƙirji da ke haɗa su ta gaba. In babu shi, baduku ko mai gyaran takalma zai ɗinka shi da kuɗi kaɗan. Ya zauna kamar inci ɗaya a ƙarƙashin ƙashin wuya na gaba, kada a matse shi har ya hana numfashi a hawan tudu. Maɗaurin ƙugu siriri kuma yana hana jaka lilo. Sauran igiya da ke reto kuwa, a naɗe ta a ɗaure da roba, ko a yanke a ƙona bakin da ashana. Ƙaramin mutum yakan bar igiya mai tsawo tana reto, ita kuwa takan kama sirdi sa'ad da ya ke son sauka da gaggawa.

Sai batun nauyi. Shawarar da masu kula da lafiyar yara su ka fi bayarwa ita ce kada jaka da kayanta su wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin yaro, wasu sukan yarda har kashi 15. Yaro mai kilo 30 ke nan, kilo 3 ne rabonsa, in ya yi yawa kilo 4 da rabi. Ku tuna ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Gorar ruwa da littattafai uku ko huɗu sun cika awon. A nan mu malamai muna da namu alhaki, gama mu ne mu ke sa yara su kwaso littattafan mako duka a rana guda. Jaka mai cin lita 10 zuwa 15 ta ishi ƙaramin mahayi. Babbar jaka kuwa ba a barinta wofi, sai an cika ta. Abin da ya fi nauyi a sa shi kusa da baya, marasa nauyi a waje. Abin da ya rage a ɗaure a kariyar keke, gama domin kaya aka yi ta.

Kada a saya sai an gwada, kada kuma a gwada ta babu kome a ciki. A zuba littattafai, mai ita ya goya, ya hau keke ko ya sunkuya kamar yana riƙe da shi. Ya ɗaga kai ya dubi gaba. Ya waiga dama da hagu kamar zai duba mota a baya. Ya girgiza jiki a gani ko jakar tana binsa ko tana tafiyarta dabam. In akwai biyu da su ka yi daidai, a ɗauki mai launi mai haske, ko mai ƙyallen nan da ke walƙiya in fitilar mota ta haska shi, domin masu dawowa gida da magariba, musamman a lokacin hazo na hunturu.