"Kwana bakwai bayan wanka babu ciki": wa ya koya maku wannan lissafi?

Jama'a, akwai wani rubutu da ke ta yawo a guruf-guruf na matan Katsina, a WhatsApp da nan Facebook, wai shawara ce ga mai son tazarar haihuwa ba allura ba ƙwaya. Abin da yake cewa a taƙaice shi ne: da zarar kin yi wankan tsarki, kwana bakwai na farko babu ciki, ki saki jikinki. Kowa sai turawa take tana "Allah ya saka wa malama da alheri". To ni dai ba zan sa albarka ba. Lissafin nan ƙarya ne, kuma wadda ta bi shi ta kama hanyar kwanika da ƙafarta.

Ku zo mu ƙirga tare. Ranar farko a lissafin al'ada ita ce ranar da jini ya fara zuwa, ba ranar wanka ba. Mu ɗauki mace mai zagayen kwana 28, wadda jininta ke yin kwana bakwai. Ta yi wanka a rana ta 8. Kwana bakwai ɗin da aka ce mata ta saki jiki sun kama daga rana ta 8 zuwa ta 14 ke nan. Ƙwan mace kuwa yakan fito ne kimanin kwana 14 kafin jini na gaba, wato a wurin wannan baiwar Allah wajen rana ta 14. Ƙwan ba ya wuce yini guda da rai, amma maniyyin namiji yana iya kai kwana biyar a jikin mace yana jira. Don haka kwanciyar da aka yi a rana ta 10 tana iya zama ciki a rana ta 14. Kun gani? Kwanakin da aka ce mata babu komai su ne ainihin kwanakin ɗaukar ciki. Da mai neman haihuwa aka ba wannan shawara, da sai in ce an taimake ta.

Ba ƙirgen kwanaki nake suka ba, kada a juya mini magana. Ilimi ne, yana da asali. Likitoci biyu, Ogino a Japan da Knaus a Ostiriya, su suka fara daddale lokacin fitar ƙwai tun wajajen 1930. A 2002 masu bincike na Jami'ar Georgetown ta Amurka suka fitar da sakamakon gwajin wata hanya mai sauƙi da suka yi da mata 478 a Bolibiya da Peru da Filifin. Dokarta ɗaya ce: macen da zagayenta ke tsakanin kwana 26 zuwa 32 ta ɗauki rana ta 8 zuwa ta 19 a matsayin kwanakin ciki. Kwana 12 cur. Har wani abu suka yi mai kama da carbi, ƙwaya 32: ja ɗaya ta ranar farko, farare 12 na kwanakin kaffa-kaffa, sauran ruwan ƙasa, da zoben roba da ake matsarwa kullum. Cikin mata 100 da suka bi dokar sau da ƙafa, kusan biyar suka yi ciki a shekara. Da aka haɗa da masu ɗan saki layi, yadda ɗan Adam ya saba, sai adadin ya kai 12. Wannan fa masu hanyar ne da kansu suka faɗi iyakarta. Ita malamar guruf ba ta taɓa faɗa maki nata lissafin yana da iyaka ba, don ba ita za ta yi laulayin ba.

Kuma ba kowa wannan hanya ta karɓa ba. Wadda jininta ke zuwa yau kwana 24, wani watan 35, ba da ita ake ba. Wadda ta daina allura kwanan nan, sai jikinta ya daidaita. Haka wadda ta doshi shekarun ɗaukewar al'ada. Manhajojin waya ma da 'yan matanmu ke ji da su, da yawansu hasashe suke daga kwanakin da kika shigar, ba su leƙa cikin kowa ba.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne mai goyo, don ita ce ta fi kowa buƙatar hutu, ita ce kuma ƙirge ya fi saurin yaudara. Me za ta ƙirga, jinin bai dawo ba? Ƙwai na iya fita kafin ta ga jinin farko bayan haihuwa. Shi ya sa za ka ji mace na rantsuwa ba ta ga al'ada ba tun da ta haihu, ga ciki wata ukku. Ba ƙarya take ba. Shayarwa tana hana ciki, gaskiya ne, amma da sharuɗɗa ukku a haɗe: yaro bai kai wata shida ba, jini bai dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. A zafin Katsina na watan Afrilu, gida nawa ne kaka za ta bari a hana jariri ruwa? Da an fara ɗura ruwa da koko, sharaɗi ɗaya ya tafi. Ko jinin ya dawo, sai ta ga al'ada kamar sau huɗu, zagayen ya zauna, kafin carbin can ya yi mata amfani.

Wani zai ce meye abin tada jijiyar wuya, ai ciki rabo ne. Rabo ne, ban musa ba. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna Katsina ce kan gaba a Najeriya wajen yawan haihuwa, 7.3 ga kowace mace, Legas na da 3.4. Binciken nan dai ya ce a duk haihuwa 100,000 uwaye 512 ke rasa rai a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin MSF ta sanar cewa yara 652 suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar nan cikin wata shida na farkon shekarar. Ban ce kwanika ce ta kashe su ba. 'Yan bindiga sun hana noma, abinci ya yi tsada, tallafin waje ya ja baya, kowa ya sani. Amma duk uwa ta san abin da ke biyo baya in aka cire ɗan wata tara daga nono saboda an ga sabon ciki, a gidan da tuwon dare ma sai an yi dabara.

Su kuma masu cewa duk zancen ƙirge shirin Turawa ne na ƙayyade mu, don Allah ku koma Ahalari. Wa ya fi macen Musulmi ƙirga kwanakin jini? Tun muna Islamiyya aka koya mana mafi yawan haila kwana 15 ne ga mai farawa, mai al'ada ta ƙara kwana ukku in jini ya zarce, mafi ƙarancin tsarki kwana 15, alamar tsarki bushewa ce ko farin kumfa. Da wannan muke sallah, da shi muke ramuwar azumi, da shi ake idda. Ƙirge ba baƙonmu ba ne. Abin da ba a koya mana ba shi ne a wane wuri cikin kwanakin tsarkin nan ciki ke shiga. Azalu kuma, wato zubarwa a waje, hadisin Jabir na cikin Buhari da Muslim cewa sahabbai sun yi a zamanin Manzon Allah (SAW), malaman Malikiyya kuma suka shardanta yardar matar. Shayarwar shekara biyu tana cikin Suratul Baƙara. Sannan ilimin nan da kuke ƙyama shi ne zai taimaki matar da ake yi wa gorin haihuwa, alhali mijin ɗan ci-rani ne a kudu, zuwansa gida bai taɓa dacewa da kwanakin ba.

Yanzu ku maza, don na lura duk inda ake wannan zance sai ku zame, kamar matar ita kaɗai take yin cikin. Kwana 12 na kaffa-kaffa, a haɗa da kwana biyar zuwa bakwai na jini, an tasar wa kwana 19 a wata. Wa zai yi haƙurin? Ba ita kaɗai ba. Mace na iya riƙe kalanda daidai, ta matsar da zobe kullum, maigida ya shigo ya ce shi bai san zance ba. Wata biyu ta ce ba ta ga jini ba, shi ne farkon ɗaure fuska, wai ba ta iya lissafi ba. Haba Alhaji!

A gidan mai mata biyu ko ukku abin ya fi haka sarƙewa, don rabon girki ba ya duba kalandar kowa. Kwana biyunta na iya faɗawa tsakiyar fararen kwanaki sau biyu ko ukku a wata. Ta ce a ɗaga mata ƙafa, tana tsoron a ce ta ƙi miji, ko kishiya ta ji labari. Ta yi shiru, ta ɗauki cikin da jikinta bai shirya ba. Wannan ba matsalar da mace za ta warware a guruf ba ce. Sai miji ya zauna an yi magana: a kwanakin nan haƙuri za a yi, ko azalu da yardarta duk da shi ma yana kuskurewa, ko kwaroron roba? In ya san ba zai iya ko ɗaya ba, ya faɗi gaskiya, ya ɗauke ta su je sashen tazarar haihuwa, ko a asibitin Turai ko a ƙaramin asibitin unguwarsu, ma'aikaciya ta duba wadda ta dace da jikinta. Ya shiga ciki ya zauna a yi bayanin da shi, ba ya tsaya bakin ƙofa kan mashin yana danna waya ba.